Zango a Tsakiyar Teku

Ranar da Hairat ta shiga motar Hamidou a tashar jirgin ƙasa ta Laurel a Amurka, ba shi ta kalla ba. Wani ɗan jirgin roba ta kalla yana lilo a madubi, fukafukai a sama, ciki kamar kwalekwale.

"Malam, wannan tashi yake yi ko iyo?"

"Duka biyun."

Ɗalibin injiniyan jiragen sama ne da rana, direban tasi da yamma, kuma ya daɗe yana jiran wannan tambaya. Ya shiga ba ta labarin jiragen dā masu sauka a kan ruwa, da gadajensu da teburin cin abinci, waɗanda sai sun yada zango a tsibiri sun sha mai kafin su gama da teku. Har suka wuce gidan yayarta a Hyattsville bai lura ba. Ita ta lura, ta dai bar shi ya ci gaba.

Kafin sanyi ya fita, ya zama Kyaftin, ta zama Fasinjata.

Matsalar tana Maraɗi. Mahaifinta, Malam Mahamane, tsohon direban babbar mota, ya ce ba ya ba da 'ya ga wanda bai kalli ƙwayar idonsa ba. Hamidou ba shi da halin fita daga Amurka sai ya gama karatu. Tsoho yana da biza, amma ya rantse ba zai hau jirgin sama ba.

"In inji ya yi tari a tsakiyar ruwa, gefen wane titi za a tsaya?"

Ga kuma Mustafa, mai karanta labarai a wani gidan rediyo a Washington, ya tura kawunsa neman aure.

"Wannan na san shi," in ji tsoho. "Kullum da muryarsa nake karyawa."

Mu da masu daɗin murya suka taɓa ƙwace wa mata, mun san zafin abin.

Saƙonta ya shigo: "Kyaftin, Baba zai amsa wa Mustafa bayan Salla. Ni kai nake so. Yi wani abu."

Hamidou ya tura wa tsoho hoton jirgin dā, don ya ɗan saki jiki. Sai tsoho ya zaga unguwa yana shelar za a turo masa jirgi mai iyo. Dole Hamidou ya kira, a durƙushe, duk da ba a ganinsa.

"Baba, ku gafarce ni. Jiragen nan sun daɗe da ritaya."

"Kamar ni ke nan. Sai an jima."

"Amma zangonsu na nan, Baba! Tsibiran Azores. Har yau jirgi na sauka can. Akwai ƙasa, akwai shanu, akwai shayi."



"Kana nufin ruwan nan da tasha a cikinsa?"

"Da ita."

"Shekara da shekaru ina sauraron yaron rediyon nan, bai taɓa faɗa mini ba!"

Haka tsoho ya taso zango-zango: Yamai, Kasabalanka, Lisbon, tsibiri. A can ya kwana, ya zaga ya duba tayoyin jirgi daga nesa, ya ce ba laifi.

Da ya sauka Amurka, a filin jirgi ya daɗe yana kallon idon Hamidou, Hairat na gefe.

"Idon direba ne. Na ba ka."

Aka ɗaura aure a Laurel. Mustafa ya zo, ya ci shinkafa, ya sa albarka da muryar nan tasa.

Ranar komawa, tsoho ya kwance ɗan jirgin daga madubi ya jefa a aljihu.

"Ko da wani abu," in ji shi. "Ku kuma, Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa kada injinku ya yi tari."

"Amin, Baba," suka ce tare.