Ta Kwana da Zare a Allura

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da wata tela ta goya ɗanta, ta ja ƙofa, ta nufi shagon mai gyaran keken ɗinki. Kwana tara ke nan kan kekenta yana wajensa, kwana tara kuma rabonta da barcin kirki. Yaron watansa huɗu, kuma tun yana ciki ya saba da ƙarar keke, ba ya runtsawa sai ya ji ana takawa. Keke na lalacewa, barci ya yi ƙaura daga ɗakin.

Mijinta direban babbar mota ne. A dare na biyar ya naɗe bargonsa, ya ce ba zai je ya kashe mutane a titi saboda gyangyaɗi ba, ya koma kwana a tasha. Matar ɗakin da ke jikin nasu kuwa, wadda ke sammakon zuwa aiki gidan burodi, ta mai da bango ganga. Yaro ya tsala kuka, ita ta dirka wa bango takalmi. Ita ce ta laƙaba wa telar suna Maman Kuka, sunan ya bi ta har bakin famfo.

Shagon na warin man keke da tsatsa. Tsohon mai gyaran bai ko ɗago ba, ya ce ƙarfen da ya karye bai samu ba tukuna, ta dawo jibi. Nan fa ta zazzage masa duk abin da ta tara wa miji da maƙwabciya. Tana cikin faɗan idonta ya faɗa kan wani baƙin kan keke a lungu, an rufe shi da buhu. Ta ce a ara mata shi. Ya ce wannan ba na aro ba ne.

"Baba, ko ka ba ni shi, ko in kwance yaron nan in bar maka ya kwana a nan."

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi jajayen idanunta.

"Ɗauki," in ji shi. "Amma 'yata, in kin tashi daga aiki, ki zare zaren daga allura. Kada ya kwana da zare. Mai shi ba ta iya ganin aiki a ajiye."

Ta tambayi wace ce mai shi, ya sunkuya ya ci gaba da goge ƙarfensa. Ta ɗauki maganar surutun tsufa, ta ɗora keken a ka ta tafi.

A ɗaki ta kafa shi kan teburinta, ta sa igiyar da ke juya shi, ta ɗiga mai. Fitilar ba ta da ƙarfi, idonta kuma yaji yake, sai da ta yi wajen sau goma kafin zare ya shiga allura. Ta jawo farin yadin da aka kawo mata na rigunan makaranta, ta hau takawa. Keken santsi gare shi kamar ba tsoho ba. Kafin ta kai ƙarshen hannun riga yaro ya yi shiru.

Ta tsaya, ya farka da ihu. Ta taka, ya yi barci. Ta tsaya, ya farka. Sau huɗu ana haka, ƙafafunta har rawa suke. Takalmi ya sauka a bango, muryar maƙwabciya ta ratso tana cewa ko kuka ko keke, a zaɓar musu azaba ɗaya. Telar ta ji ta tsani matar, ta tsani mijinta, kuma a wannan lokacin, Allah ya yafe mata, ta tsani ɗan da ta haifa. Ta dangwarar da shi kan katifa.

"Duk wanda zai sa ka barci ya zo, na bar masa kai."

Baki shi ke yanka wuya. Ta dubi zaren da ta sha wuyar zurawa, ta ce wa ranta ba mai sa ta sake wannan aikin gobe. Ta zube gefen yaron, yana kuka, barci ya sace ta.

Can cikin barci ta ji keke na tafiya, ta ɗauka mafarki ne.

Hasken hantsi ne ya tashe ta. Yaron na barci, ya saki hannuwa. Daɗi ya kama ta har ta yi dariya ita kaɗai. Amma da ta ba shi nono, zuƙa biyu ya yi ya saki, kansa ya langaɓe. A bakin famfo maƙwabciya, da ta taso daga aiki, ta tare ta da masifa, wai ta kwana tana taka keke har asuba, ko kunya babu. Telar ta ce mata ƙarya take, suka rabu baram-baram.

Da ta zo gyara shimfiɗa ta tarar da tef ɗinta na awo miƙe a gefen inda yaron ya kwanta, an soke shi da fil a kan inci ashirin da huɗu. Farin yadin kuma an yanke masa wani yanki, yanka mai tsabta. Sai ta ce wa ranta ai mai magagin barci ba abin da ba ya yi, ita ce ta yi ta manta.

Yaron ya wuni barci. Ta wuni aiki, ba mai damun ta.

Da dare ta kai hannu za ta zare zaren, maganar tsohon ta faɗo mata. Ta san abin da take yi, wannan ba mantuwa ba ce. Barcin jiya ya yi mata zaƙi, tana son wani irinsa. Ta janye hannunta, ta kashe fitila.

Ciwon nono ne ya tashe ta. Ya cika ya yi tauri, rigarta ta jiƙe sharkaf.

Keken na tafiya.

Ɗakin duhu ne ƙirin, an ɗauke wuta. Warin man keke ya cika shi, ƙarƙashinsa kuma wani wari, na ƙasar da aka tona sabuwa. Ta kasa kunne. Kunnen tela ba ya ɓata. Mai ɗinkin riga yana tsayawa, ya ɗaga ƙafar keke, ya juya yadi don wuya ko hannu. Wannan ɗinkin miƙaƙƙe ne. Ba tsayawa, ba juyi.

Ta laluba wayarta ta haska.

Fedar da ake takawa na sama da ƙasa. Ba kowa a kujera, amma matashin ya lotsa. A bango kuwa ga inuwar mace, ta duƙufa, hannuwanta na tura yadi.

Abin da ake ɗinkawa ba shi da wuya, ba hannu, ba aljihu. Tsawonsa inci ashirin da huɗu.

Ta taɓa ɗanta. Sanyi ƙalau. Ta girgiza shi, ta kira shi, bai motsa ba. Numfashinsa siriri, da ƙyar take jin sa a yatsanta.

Wata murya ta fito daga kujerar, a hankali, kamar mai tsoron tashin jariri.

"Kwanta, 'yar'uwa. Saura taƙi ɗaya."

"Ba na so," in ji telar.

"Ke kika kira. Ba zai ƙara damun ki ba."

Almakashi na kan teburin. Ta rarrafa. Ta miƙa hannu.

Wani abu mai sanyi ya riƙe mata wuyan hannu. Ya riƙe ɗayan.

Allura na cin yadi. Saura yatsa uku.

Saura biyu.

Shekara goma tana ɗinki, uwarta na yi mata faɗan yanke zare da haƙori. Ta kai kanta gaba, goshinta ya bugi ƙarfe, ta cafki zaren da ke saukowa zuwa allura, ta datse.

Keken ya tsaya cak.

Hannuwanta suka saku. Ta faɗa kan katifa, ta ɗauki yaron. Shiru. Ta mintsini tafin ƙafarsa. Shiru. Ta sake mintsina da duk ƙarfinta, tana kuka tana ba shi haƙuri.

Ya ja numfashi, ya tsala ihun da bai taɓa yin irinsa ba.

Takalmi ya sauka a bango. Telar ta rungume ɗanta tana sauraron zagin maƙwabciya, ba ta taɓa jin abin da ya yi mata daɗi haka ba.

Da safe ta farke ɗinkin da reza, ɗaya bayan ɗaya, ta ƙone yadin, ta mai da keken lungun da ta ɗauko shi. Tsohon ya leƙa goyonta, ya ga yaro na mutsu-mutsu, ya ja buhu ya rufe keken.

Nata keken ya dawo, amma ba ta ƙara takawa da dare ba. Sai ta yi wa yaron wanka da ruwan ɗumi, ta rage fitila, ta kwantar da shi a ƙirjinta tana kwaikwayon ƙarar keke da baki har ya saba. In ya yi kuka, maƙwabciya ta yi mita a bakin famfo, amsarta ɗaya ce: Allah ya ƙara masa murya.

Shi ya koyi barci, ita ce ta kasa. Kowace safiya sai ta miƙe tef ɗin nan a gefensa, fil ɗin na nan inda aka soke shi. Ranar da dugadugansa suka wuce fil ɗin da yatsa ɗaya, ta zare shi ta jefa a kwata, ta kwanta tun magariba.