Tuwon da Kefas Ya Daina Ci

"Na ƙoshi, Jemi… rufe ki ajiye."

Jemimah ta tsaya da kwanon tuwo a hannu tana kallon mijinta. Mako uku ke nan maganar ba ta sauya ba. Kefas, malamin firamare a Samaru, wanda farkon aurensu sai ya suɗe kwano ya kuma leƙa tukunya, shi ne yanzu yake ƙoshi tun daga bakin ƙofa.

"A ina ka ci?"

"A hanya."

"Hanyar ba ta da suna?"

Ya yi murmushi, ya shafa cikinta ɗan wata biyar. "Zuciyata, kar ki tayar mini da ɗa." Ya wuce wanka.

Yana shiga ta ɗauki rigarsa ta shinshina. Hayaƙin itace da ƙamshin manja. Ita kuwa rabonta da manja tun kafin Ista.

Tun da kaya suka yi tashin gwauron zabi babu abin da ba su rage ba. Gas ya koma gawayi, shayi ya rabu da madara, nama sai Lahadi, shi ma don miya ta san an yi. Duk wannan ta shanye shi da dariya. Amma miji ya ƙi tuwon matarsa, a tashi makaranta ƙarfe biyu ya shigo gida ƙarfe biyar, wannan kam ba tsadar rayuwa ba ce. Abin ya ci mata rai sosai. Don haka kullum da safe sai ta juye tuwon nasa ga awakin maƙwabta, ta sha kokonta tsura. Ita ba za ta ci abin da aka raina ba.

Chisom, mai sayar da gwanjo a kasuwar Sabon Gari, ita ta ƙarasa hura wutar.

"Jiya na ga Malaminki ya shiga gidan abincin Modupe… ta ƙofar baya fa."

"Wace ce Modupe?"

"Wata bazawara. Ni dai ban ce komai ba."

Washegari Jemimah ta haɗa jaka, ta nufi Bomo wurin Goggo Rhoda, ƙanwar mahaifin Kefas, wadda ta raine shi ta sayar da hatsinta ta kai shi kwaleji.

"Zato zunubi ne, 'yata," in ji tsohuwar.

"Shi ya sa na zo, Goggo. Gani ya kori ji. Ki zama shaidata… in na gani, daga can gidanmu na Shika zan wuce."

Ƙarfe uku bas ya sauke su a Sabon Gari. Suka zagaya ta lungu zuwa bayan gidan abincin Modupe, Jemimah ta riga ta tanadi maganganun da za ta zazzage masa. Ta tura ƙyauren langa-langa.

Farar rigarsa ta fara gani, rataye a ƙusa kusa da murhu. Sannan ta gan shi, daga shi sai singileti, ya naɗe ƙafar wando, ya tsuguna tsakanin manyan tukwane yana kankare ƙanzo da soson ƙarfe.

Wata mata mai jiki ta fito tana goge hannu. Modupe ce. Ta dubi cikin Jemimah, ta gane.

"Ayya, madam… shi ya roƙe ni. Ya wanke tukwane, ya ci kwano ɗaya. Ya ce abincin gida ba ya isar mutum biyu, ga mai ciki. Ya ce kar kowa ya ji."

Kefas ya miƙe a hankali. Idonsa ya sauka kan Goggo, sai ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ta kama baki, ta juya musu baya, kafaɗunta na rawa.

"Da ke kaɗai kika zo, Jemi…" in ji shi. "Ni dai na san kina ɗumama nawa da safe ki ƙara. Shi ya sa wannan bai taɓa yi mini nauyi ba."

Da ƙasa za ta tsage da Jemimah ta shige.

"Ban ci ba, masoyi. Ko sau ɗaya. Awaki nake ba wa."

Sai ya ga jakar.

"Wannan fa?"

Kunya da tausayinsa suka kama ta, hawaye suka ɓalle mata. Ta ajiye jakar, ta gyara ɗaurin zani, ta durƙusa gaban tukunyar ta zare soson daga hannunsa.

"Tashi, cikinki…"

"Ba zan tashi ba. Na zarge ka, na tona maka asiri. Ka yafe mini."

"Jemi, Goggo na kallo."

"Ta kalla. Yau mu wanke tare, gobe a gida za ka ci, ko loma bibbiyu ce mu raba."

Ya dube ta, hannunsa na ɗigar kumfa. Can ya goge ido da damtse, ya tsuguna kusa da ita, ya jawo bokitin ɗauraya tsakaninsu.