Kukan da Yahuza Bai Ji Ba

Ranar wata Alhamis cikin marka, da la'asar sakaliya, Yahuza ya tafi Fagam ɗauko Gwaggo Tani, wadda ta je gaisuwar rasuwa, don ya mayar da ita ƙauyensu kafin duhu. Gwaggo Tani yayar mahaifinsa ce, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma ita kaɗai ta rage cikin manyan gidan. Shi kuwa ɗan acaɓa ne, yana da mata, Lailatu, da 'ya guda mai shekara uku, Nasiha.

Mako biyu kafin wannan rana ya sayo iyafis marar igiya a kasuwar Birnin Kudu. Wasu fararen abubuwa ne guda biyu, kowanne bai wuce ƙwayar gurjiya ba, ana cusa su a kunne su jawo kiɗa daga wayar da ke cikin aljihu. Duk wanda ya tsaya sai Yahuza ya nuna masa iyakar ƙarfinsu: ya ajiye wayar kan benci, ya yi ta ja da baya yana ƙirga taku, a na goma sha biyu kiɗan ya yanke. Tun daga lokacin ba a sake kiransa sau ɗaya ya amsa ba. Lailatu ta yi ƙorafi har ta gaji. Nasiha kan riƙe ƙafar wandonsa tana kiran Abba, shi kuwa ya dube ta yana gyaɗa kai ga abin da shi kaɗai yake ji.

Da Gwaggo Tani ta gan shi a ƙofar gidan makokin, sai ta tambaye shi wace irin kaska ce ta kama masa kunnuwa. Ya ce zamani ne, Gwaggo. Ta ce ita ma ta ga zamunna, amma ba ta taɓa ganin wanda ake toshe kunne a shige shi ba. Ta umarce shi ya bi titi. Ya ce rana ta yi ƙasa, ta Kwarin Marke za su yanke.

Ta dube shi ta ce:

"In ta can ne, ka san abin da ake yi."

Kowa a yankin ya sani. Kwarin Marke wani gangare ne tsakanin gonaki, da ɗan rafi a ƙasansa, da tsohon marke a bakin ruwa. Tun kakanni an ce wurin gari ne, ba na mutane ba, kuma da almuru yaransu kan fito wasa a kan turbar. Don haka duk wanda magariba ta riska a can, sai ya tsaya daga saman gangaren. Mai jaki ya sauka, mai keke ya sauka, mai babur ya kashe inji. Sai ya yi sallama, ya ce, gafara dai masu gari, a janye yara. Da ya faɗa, kwaɗin rafin sukan yi tsit. Sai ya jira. In suka ci gaba da kuka, an buɗe masa hanya, sai ya tura abin hawansa da hannu har ya haye. Ba a taɓa neman hadaya ba, ba a taɓa neman kuɗi ba. Ladabi kawai ake nema, da kunne.

Yahuza ya ce ya ji. Yana faɗa yana ƙara sautin kiɗan da babban yatsa.

Suka kama hanya. Dawa ta yi tsayi dama da hagu, ta rufe su kamar soro. Ƙasa na da danshi, hadari na haɗuwa daga gabas. Gwaggo Tani ta fara ba shi labarin mamacin, da yadda aka yi jana'iza, da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Kowane lokaci ya juyo ya ce mata ƙwarai, Gwaggo, haka ne, Gwaggo, yana murmushi. Ko kalma ɗaya bai ji ba. Abin ya ba shi nishaɗi, ganin tsohuwa tana ta motsa baki a madubi kamar akuya mai tuƙa.

Rana ta faɗi daidai lokacin da suka iso saman gangaren.

Ita ce ta fara jin ƙanshin. Hayaƙin kara, da daddawa a tukunya, a inda babu gida ko ɗaya. Sai sautin daka daga ƙasa, a hankali, taɓarya biyu suna amsa wa juna.

Ta ce ya tsaya. Bai tsaya ba.

Ta daki bayansa da tafin hannu. Ya ɗauka gudun ne ya tsorata ta, sai ya yi dariya, ya ƙara murɗa mai.

Daga nan ta ji kukan. Muryar ƙaramin yaro ce, a tsakiyar turba, irin kukan yaron da ya ga abu na zuwa ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Ya yi sau ɗaya. Ya sake yi. Ta kama wuyan rigar Yahuza ta ja da iyakar ƙarfinta. Yaron ya yi na uku.

Babur ɗin ya taka wani abu mai taushi.

Suka zube. Gwaggo Tani ta faɗi kan ƙugunta, ta ji ƙashi ya amsa. Yahuza ya mirgina har bakin ruwa. Wayarsa ta fita daga aljihu, ta bugi dutse, ta tarwatse gida uku a gaban idonsa.

Dakan ya tsaya. Kwaɗi suka yi tsit.

Ya miƙe ya duba turbar. Babu kowa. Sai wani ɗan ƙoƙo da aka cika da yashi, an soka masa tsinke a tsakiya, irin wasan girkin yara. Tayar gaba a jiƙe take da wani abu mai ɗumi, yana tururi, yana warin toka.

A lokacin ya lura cewa kiɗan bai yanke ba.

Ya dubi gutsattsarin wayar. Ya dubi hannunsa. Ya sa yatsa zai cire abin daga kunnen dama, ya ji ya kama nama kamar can aka halicce shi.

Kiɗan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya ɓace. Sai numfashi. Numfashin mace, a cikin kansa, tsakanin kunne da kunne.

"Sau uku ya kira ka."

Yahuza ya buɗe baki, addu'a ta ƙi zuwa.

"Jiya ya fara gudu. Ina tsaye ina kallo. Na ce mai zuwa zai yi sallama, kamar ubansa, kamar kakansa."

Ya ce bai ji ba. Da raɗa ya faɗa, yana rantsuwa.

"Na sani," in ji muryar. "Kana da ɗiya."

Ba tambaya ba ce.

Sai ya ji gidansu. Ya ji ƙarar murfin tukunyar Lailatu. Ya ji kaji na hawa akurki. Ya ji takun ƙananan ƙafafu a tsakar gida, kusa ƙwarai, kamar an kara abin a bakin yarinyar. Nasiha tana tambaya yaushe Abba zai dawo. Ta yi dariya. Ta sake cewa Abba.

Ya durƙusa cikin laka. Ya ce a ɗauki ransa, a bar ta.

"Ranka me zai yi mini? Saurara da kyau. Ka ƙoshi."

Gwaggo Tani ba ta jin komai daga wannan. Fuskarsa kawai take gani, da ganyen marke da ke kaɗawa ba iska. Ta ja jiki da gwiwar hannu, tana jan ƙafar da ta mutu, tana karanta duk abin da ta haddace tun ƙuruciya. Da ta iso gare shi ta sa farce ta ƙwaƙulo abin daga kunne ɗaya, sannan ɗayan. Suka fito da jini. Ta jefa su cikin rafi.

Ba su yi ƙarar faɗawa ruwa ba.

Ta juya wajen marken, ta yi sallamar da ya kamata a yi tun daga sama. Ta ce gafara dai masu gari. Ba ta ce a janye yara ba. Ta san lokacin wannan ya wuce.

Suka jira.

Can wani kwaɗo guda ya yi kuka. Shi kaɗai.

Yahuza ya goya ta, ya bar babur a nan, ya haye rafin bai waiwaya ba. A bayansu aka soma wani kuka na mata da yawa, ƙasa ƙasa, irin wanda suka baro a Fagam.

Ana kiran isha'i ya shiga gida. Ya sauke Gwaggo a zaure, ya ruga tsakar gida. Nasiha na zaune kan tabarma, lafiyarta lau, da tuwo a hannu. Ya faɗi ya yi sujada yana kuka. Yarinyar ta taso da gudu ta rungume wuyansa, ta kara bakinta a kunnensa.

Ya ji ɗumin numfashinta. Ya ga leɓunanta suna motsi.

Ya ji ladan. Ya ji Lailatu tana tambayar ina babur. Ya ji sauro.

Yarinyar ce kaɗai bai ji ba.

An kai shi asibiti a Birnin Kudu, likita ya duba ya ce raunin na fata ne, kunnuwansa ƙalau suke. Malamai sun yi rubutu, an yi sadaka, an je Kwarin Marke an ba da haƙuri har sau bakwai. Kwaɗi sun amsa wa kowa. In shi ya yi sallama, shiru suke yi har ya gaji ya tafi.

Da kaka ta yi, wata safiya Lailatu ta shiga maƙwabta aron rariya, ta bar shi da yarinyar. Yana zaune yana ɗaurin buhu, ya ba murhu baya. Taku huɗu ne tsakaninsu. Nasiha ta jawo tukunyar koko a kanta. Waɗanda ke bayan katanga uku sun ji ihunta, suka shigo a guje, suka tarar da uban yana nan zaune, yana jan zare da haƙori, yana rera 'yar waƙarsa. Ta rayu. Yatsu uku na hannunta na dama sun manne, ba su sake rabuwa ba.

Gwaggo Tani ba ta ƙara taka ƙafarta ba. Ta shekara biyu kwance. Kullum yakan zo gaishe ta, kullum takan juya fuska ga bango. Sau ɗaya ta yi masa magana, ana saura kwana kaɗan ta rasu.

"Kai ba ka ji kukan ɗansu ba, an ɗauke maka muryar 'yarka. Ni da na ji kukan, wa zai ɗauke mini shi daga kunne?"

Yanzu Nasiha tana aji biyu a firamare, da hagu take rubutu. Malamanta sun ce muryarta ta fi ta kowa daɗi a karatu. In Lailatu za ta fita, takan ɗauko wata igiyar rama mai tsawon taku goma sha biyu, ta ɗaura bakinta ɗaya a wuyan hannun uban, ɗayan a na 'yar. In yarinyar tana son Abba, sai ta ja.