Zobe a Cikin Jita

"Ki sake rera ta da sauri kawai, Celina. Me zai ragu a jikinki?"

Na tsaya ina kallon bakin da ya furta wannan magana. Bakin da ya saba kirana "zuciyata" ne, yau kuma ga abin da ya fito daga cikinsa.

"Maimaita, Tavinho."

Bai maimaita ba. Ya sunkuyar da kai yana murɗa tsirkiyar jitarsa, wadda ba ta nemi gyara ba.

Muna situdiyo a unguwar Lapa da rana tsaka, kowa ya fita cin abinci. Faifan da na ƙarar da ƙarfina a kansa ya kammala: tsofaffin waƙoƙin mutanenmu na Brazil, na rera su da salon jaz da na koyo a New Orleans. Ranar Litinin za a kai shi bugu. Waƙa ɗaya ce ta tsaya mana a wuya, "Takalman Lahadi", wadda marigayi Seu Belmiro ya tsara, mahaifin Tavinho. Duk unguwar Madureira da gudu ake buga ta, ana rawa har gumi ya jiƙa riga. Ni kuwa a hankali na rera ta, murya da jita kawai.

"Mama ta ji," ya ce. "Ta ce ko a buga ta yadda Baba ya bar ta, ko a cire. Kin san izinin waƙar a hannunta yake."

"Wa ya jiyar da ita?"

"Gilmara..."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Gilmara 'yar riƙon Dona Zulmira ce, mahaifiyar Tavinho. Ni na ɗauko ta ta buga min bandiri a faifan nan, alhali na san tun suna yara take ɗinka rigar aurenta da Tavinho a zuci. Na ɗauko da zafi, ga shi bakina ya ƙone.

"To da Mama ta ji, ka gaya mata wanda ya koya min ita a hankali?"

Ya ci gaba da murɗa tsirkiyar.

"Tavinho, kai nake tambaya."

"Gilmara ta riga ta ce mata ke kika matsa min... ban samu bakin magana ba."

"Ba ka samu ba, ko ba ka nema ba?"

Ni na san ranar da waƙar nan ta shiga jinina. Wata safiya ce ta ruwan sama, a barandata a unguwar Santa Teresa. Ya zauna ya buga ta sannu-sannu kamar mai tafiya kan ƙwai, ya ba ni labarin ƙanwarsa Ritinha da zazzaɓi ya ɗauke tana ƙarama. A makon rasuwarta ubansu ya tsara waƙar, a makon aka buga ta da gudu, domin a gidansu ba a yi wa mamaci kuka, kiɗa ake masa. "Aka miƙa min bandiri aka ce in buga," ya ce min ranar. "Ni kuwa kuka nake so in yi." A kafaɗata ya yi kukan, yana babban mutum mai gemu. Ranar na san na kamu da sonsa, kamuwar da ba magani.

"Zuciyata, ki fahimce ni," ya ce yanzu. "Uwata ce."

"Na sani. Ritinha kuma ƙanwarka ce."

Na zare zoben baikonmu daga hannun dama. Ban jefa masa ba, ni ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce. Na matsa kusa har ina jin ƙamshin turarensa, na saki zoben ta bakin jitar da ke kan cinyarsa.

Ya faɗa ciki, ƙwal.

"Ba zan ƙara mata sauri ba, ba kuma zan cire ta ba. In babu ita, babu faifai. Ranar da ka samu bakin magana, ka san inda zobena yake."

Na ɗauki jakata na fita. 

Mai kamfanin faifan ya kira ni har ya gaji. "Waƙa ɗaya ce fa, Celina. Ki cire ta mu huta." Na ce masa shi ma ya cire ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya huta. Tavinho kuwa bai kira ba. Na yi ta juya wayar kamar mai gasa masara, ina zaginsa, ina kewarsa, duk a numfashi ɗaya.

Ranar Asabar na sa jar rigata na hau jirgin ƙasa zuwa Madureira.

Kowace Asabar da rana Dona Zulmira tana ɗora tukunyar feijoada, baƙin wake da nama, a tsakar gidanta, makaɗa su kewaye dogon tebur ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Dokar teburin nan ta girmi kowa: wanda ya ɗauko waƙa ba a katse shi. Amma tebur ne alƙali. In jama'a suka karɓi amshi, waƙa ta rayu. In suka yi gum, ka tattara kunyarka ka tafi gida.

Gilmara ce ta fara hango ni.

"A'a, 'yar Amurka! Kin ɓata hanya ne? Nan ba gidan makoki ba ne."

"Sannu, Gilmara. Yaya wayarki? Na ji ta yi aiki sosai a makon nan."

Wasu mata suka ƙunshe dariya. Tavinho yana can kan tebur a kujerar ubansa, jitar uban mai tsirkiya bakwai a ƙirjinsa. Ya ɗago, muka haɗa ido, ya yi saurin kawar da kai. Ya rame. Na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Na wuce kai tsaye wajen tukunya.

"Barkanku da aiki, Dona Zulmira."

Ba ta juyo ba. Gajeriyar mace ce mai farin gashi, amma in ta tsaya da ludayi a hannu ko 'yan sanda sallama suke yi kafin su shigo.

"In abinci kika zo ci, ga kwano. In roƙo kika zo, ki adana yawunki."

"Ba roƙo na zo ba. Waƙa na zo yi."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Yarinya, kin taɓa binne ɗa?"

"A'a, Dona."

"To mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kina tsammanin don ba mu iya kuka ba muke gudu da waƙar nan? Don na san in na tsaya, ba zan sake tashi ba. Na tashi na dafa wa mutane wake washegarin binne ta, har yau ban fasa ba. Ke kuma kin ƙetaro teku za ki koya min baƙin ciki."

Maganar ta dake ni, don gaskiya ce. Na kusa ɗaukar jakata. Amma na tuna kafaɗata da ta jiƙe ranar ruwan sama.

"Ba ke kaɗai kika rasa ta ba, Dona," na ce a hankali. "A jiyar da ke ta waya, a bayan idona, bai ishe ni ba. Ki ji ta daga bakina. In tebur ya ƙi ta, na haƙura da faifan gaba ɗaya, ba za ki sake ganin ƙafata a gidan nan ba."

"Tebur na kowa ne," ta ce, ta koma kan tukunyarta.

Seu Aristides, tsohon abokin marigayi mai buga ƙaramar jita, ya jawo min kujera. "Zauna, 'yata. In za a yi faɗa, a bari in gama cin nama tukuna."

Ban zauna ba. Na dafa tebur, na ja numfashi, na ɗauko ba kiɗa.

"Takalmanki na Lahadi suna bakin ƙofa... na goge su, Ritinha, rana ta fito..."

Tsakar gidan ya yi tsit. Ban kai ƙarshen baitin ba bandirin Gilmara ya shigo da gudu, tana murmushi. Ba ta katse ni ba ai, raka ni take yi. Doka ba ta hana ba. Masu ganguna suka bi ta, don hannunsu ya saba, mata suka fara kaɗa kafaɗa. Duk mawaƙi ya san wannan tarko: in kiɗa ya ruga, ko ka bi shi ko ya binne ka.

Na ƙi bi.

Na riƙe takuna, na ja kowace kalma yadda na ga dama, ko da ni kaɗai nake jin kaina. Muryata ta fara nutsewa. Na dubi Tavinho. Tafin hannunsa yana kwance kan tsirkiyoyi, bai bi su ba, bai bi ni ba. Idona ya ciko, amma na rantse a raina ba za su ga hawayena a gidan nan ba.

Sai ya ɗaga babban yatsa ya daki tsirkiya ta bakwai, mai kaurin murya.

Dum.

Ya jira ni. Ya sake dukanta daidai inda numfashina ya sauka. A hankali, a kan takuna, shi kaɗai gaban gangunan gidan ubansa. Kuma duk dukan da ya yi, wani abu yana karkarwa a cikin jitar, zirr... zirr...

Bai fito da shi ba. Duk makon nan yana yawo da zobena a cikin jitarsa.

"Tavinho, me kake yi?" Gilmara ta ce cikin haƙora, tana ƙara sauri.

Bai kula ta ba. Ya ɗaga murya yadda har bakin tukunya za a ji, hannunsa bai daina bugu ba.

"Mama, ba ita ta matsa min ba. Ni na koya mata. Haka nake buga ta tun ina yaro, in kin fita kasuwa."

Masu ganguna suka fara sassautawa ɗaya bayan ɗaya. Gilmara kaɗai ta rage, tana dukan bandiri kamar shi ya yi mata laifi. Dona Zulmira ta taho daga wajen tukunya, ludayi a hannu, ba ta gaggawa. Na ɗauka ni za ta nufa. Ta wuce ni, ta ɗora tafin hannunta a kan fatar bandirin.

Ƙarar ta mutu.

"Amma Dona..."

"Ɗana yana magana da ƙanwarsa. Ki yi shiru."

Na ci gaba, ni da shi da zoben. Na kai baiti na ƙarshe, inda uban yake cewa zai bar takalman a wurin ko ta farka da yamma. Na tsaya a bakin amshi, na bar wa tebur.

Ba wanda ya karɓa.

Seu Aristides yana kallon kwanonsa. Matan suna kallon Dona Zulmira. Tavinho ya buɗe baki zai karɓa, kuka ya riga shi. Na ce a raina shi ke nan, faifai ya tafi, na fara laluben jakata.

"Tashi mu tafi..."

Murya ce ƙarama, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Tashi mu tafi, Ritinha, ana jiranmu..."

Dona Zulmira ce, hannunta har yanzu kan bandiri, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. A hankali ta rera shi, fiye ma da nawa. Seu Aristides ya karɓa, matan suka karɓa, tsakar gidan gaba ɗaya ya karɓa. Tavinho ya kifa goshinsa kan jita yana kuka a gaban kowa, uwarsa ta zagaya ta rungume kansa a cikinta.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya min ba, ɗan nan?"

"Kin ce a gidanmu ba a kuka, Mama."

"Na faɗa," ta ce. "Kuma ga shi na tsaya, ban faɗi ba."

Gilmara ta ajiye bandirin ta shige ɗaki. Ban bi ta da ido ba, na san zafin son wanda ba ya ganin ka.

Dona Zulmira ta goge fuska da gefen zanin girkinta, ta nuna ni da ludayi.

"Ke, mai taurin kai. Ki bar ta a faifanki yadda kika yi ta."

"Na gode, Dona."

"Ban gama ba. Ranar aurenku da gudu za a buga ta, yadda Belmiro ya bar ta, kuma ke za ki rera. Zan yi wa 'yata rawa."

"Aure kuma? Ai ni ba ni da zobe."

Tavinho ya ɗago da jajayen idanu. "Zuciyata..."

"Kada ka zuciyata ni. Mako guda ba kira."

"Ban da bakin magana ne. Yau na samu."

"A makare."

"Amma a kan takunki," ya ce.

Na so in ci gaba da fushi, wallahi na so, murmushi ya ci amanata. Seu Aristides ya ce shi dai wakensa ya huce a banza. Dona Zulmira ta ƙwanƙwasa bayan jitar da ludayinta, abin ya sake yin zirr.

"Kai, kifa abin nan ka girgiza ka ba yarinya kayanta. Mako guda ƙarar nan tana hana ni sakat a gida."

Ya kifa jitar ubansa a gaban duk Madureira yana girgizawa, ni kuma na tara tafin hannuna a ƙasa ina jira.