Ƙirjin Mai Turare

"Tsaya, tsaya… kar ki zauna tukuna."

Sista ta tsaya riƙe da murfin mota, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana kallon mutumin da za ta aura yana shimfiɗa tawul a kan kujera. Ya ja wannan gefe, ya ja wancan, sannan ya ɗauko 'yar kwalba ya fesa a iska.

"Yauwa, bismillah ranki ya daɗe."

"Gawa ka zo ɗauka ne, ko budurwarka?"

"Haba abar ƙaunata, warin asibiti ne. Kin san hancina."

Ta san hancinsa kam. Shagon turare gare shi a bakin titi, har sunansa ya ɓace, yaro da babba Mai Turare suke ce masa. Mutum ne da zai shigo ɗaki ya gaya maka an soya albasa a maƙwabta tun jiya. Kuma a haka ta so shi, don ba shi da mugunta. Lokacin da mahaifinta ya kwanta jinya shi ya yi ta zirga-zirgar magani, ko da yake a bakin ƙofa yake tsayawa, hankici a hanci, ya miƙo ledar da yatsa biyu.

Sun hau titi ya yi gyaran murya.

"Umma ta sake maganar nan."

"Wacce?"

"Ta aikinki. Ta ce bayan biki… ki huta. Ni ma dai ina ganin me za ki rasa? Mace kamarki kullum hannu cikin jini."

Kofin nan ta tuna. Zuwanta gidansu na ƙarshe Umma ta tarbe ta da fara'a, ta ba ta ruwa mai sanyi. Tana saka takalmi za ta fita ta jiyo muryarta daga kicin: "Ware wannan kofin, ki zuba masa ruwan zafi. Hannun ungozoma ba abin da bai taɓa ba." Auta ce kaɗai, ƙanwarsa, ta biyo ta har ƙofar gida da tsohon cikinta, ta kama hannun nan da ake ƙyama ta ɗora a kan cikin, ta ce, "Anti, ji yadda yake shuri na. Ke za ki karɓe shi, na gama magana."

Ashe bakin Auta ya riga kowa sani.

Ana haka, wata rana da hantsi, aka turo ta asibitin su Sista a kan gadon taya, ƙafafu sun kumbura, jini ya hau, ido ya juye. Ƙaramin asibitin kuɗin da Umma ta zaɓa mata, mai kujerun laushi da furannin roba, shi ya koro su nan, don da abu ya zo ba su da kwalbar saka bakwaini. Mijinta direban babbar mota ne, yana can wata uwa duniya, wayarsa ma ba ta shiga. Likita bai ɓata lokaci ba, aka shiga tiyata. Sista ce ta karɓi yaron, namiji, ɗan firit, jikinsa duk farin maiƙo, yana kuka kamar ɗan kyanwa. Uwar kuwa aka wuce da ita ɗakin da ake lura da masu jin jiki, ba ta san inda kanta yake ba.

Ɗakin jarirai ɗaki ne mai zafi, taga a rufe, fanka a kashe. Kwalabe biyu ne a ciki. Ɗaya ta lalace tun bara, an mayar da ita wurin ajiye auduga. Ɗayar kuma da mai ita: 'yar wata mata mai wankau, wadda ba ta kai tafin hannu biyu ba, da robar iska a hanci. Uwar na zaune a benci kusa da ita, zaninta ya koɗe, yatsunta duk sabulu ya cinye, tana tatsar nono cikin ƙaramin kofi.

Likita ya duba ɗan Auta ya ce numfashinsa lafiya lau, ba ya bukatar kwalba. Sanyi ne abokin gabarsa. A samu wani daga cikin dangi ya ɗora shi a ƙirji, fata da fata, a ɗaure su tare da zani har uwar ta farfaɗo. Ya faɗa ya fita, don ana jiransa a wani wurin.

Umma ta shigo tana tattare gefen mayafinta kada ya taɓa bango. Mai Turare na bayanta cikin farar riga, ƙamshinsa ya riga shi shigowa.

"Ina aka sa jikana?"

"Ga shi nan Umma, na naɗe shi. Amma jikinsa na sanyi, ɗumin mutum yake so. Ki zauna in ɗora miki shi a ƙirji."

Umma ta leƙa cikin tawul ta ja da baya.

"Wannan abin? Ko wanka ba a yi masa ba fa."

"Ba a yi wa irinsu wanka da wuri, sanyi zai kama shi."

"To ni dai ba zan iya ba, tsikar jikina tashi take. Ba ga kwalba can ba?"

"Da jaririya a ciki."

"A fitar da ita mana. Ai ta kwana biyu ta sha ɗumi, a ba wani."

Mai wankau ta daina tatsa. Ba ta ɗago ba, amma ta ƙara matsawa kusa da kwalbar.

"In aka cire ta mutuwa za ta yi, Umma."

"Ke kika halicce ta da za ki san ranarta? To meye amfanin a ce muna da namu a asibiti?"

Mai Turare ya yafito ta zuwa baranda. Ta bi shi da yaron rungume a hannu, zuciyarta ta ɗan yi sanyi, don a zatonta haƙuri zai ba ta a kan maganar mahaifiyarsa. Ya rage murya, irin muryar da yake yi mata a waya.

"Masoyiya, ki duba. Auta ce fa. Jinina ne wannan, gobe naki ne."

"Na sani. Ni na karɓe shi."

"To ki yi dabara. Ke ce a ɗakin, wa zai tambaye ki? Matar nan… irinsu sun saba, kin gane? Baɗi ma wani za ta haifa. In dai kina sona, yau ce ranar da zan gani."

Sista ta tsaya tana kallon bakinsa. Shekara da shekaru tana wannan aiki. Ta kwashe jini da hannunta, an yi mata amai a ƙafa, ta wanke abin da ko faɗarsa ba ya daɗi, kuma ta fito ta ci abincinta hankali kwance. Ba ta taɓa sanin tashin zuciya ba sai yau, a gaban mutum mai tsafta, mai farar riga, mai ƙamshi. Turaren nan da take shinshinawa a gyalenta in sun rabu, shi ne yanzu ya toshe mata maƙogwaro. Ƙyamarsa ta ji, ƙyama sosai, har ta matsa baya kada rigarsa ta taɓa ta.

"Matsa daga nan," ta ce. "Kana tayar min da zuciya."

"Ni?"

"Kai. Kana shimfiɗa min tawul don kar in ɓata maka kujera, ashe ƙazantar a cikinka take. Ba zan cire ta ba. In wannan ne sharaɗin aurenka, ka riƙe kayanka."

Ta koma ɗaki ta bar shi tsaye. Ta saka ma'aunin zafi a hammatar yaron, ta duba, gabanta ya faɗi. Ɗumin jikinsa ya ƙara sauka. Tafin ƙafarsa sanyi ƙalau, kukan ma ya fara gajiya. Ta ɓalle maɓallin rigar aikinta za ta cusa shi a nata ƙirjin, sai ga abokiyar aikinta ta leƙo a guje.

"Sista, ki zo, kai ya fito, ni kaɗai ce a ɗakin haihuwa!"

Ta dubi Umma. Umma ta kau da kai tana gyara awarwaro. Ta dubi ƙofa, Mai Turare na tsaye kamar an dasa shi. Hawayen takaici ya cika mata ido.

Sai benci ya motsa. Mai wankau ta ajiye kofinta a hankali, ta rufe shi, ta buɗe jakar ledar da ke gefenta ta zaro wani zani, shi ma ya koɗe amma a wanke yake tas.

"Sista, ba ni shi," ta ce. "Tawa tana cikin kwalba, ƙirjina ba kowa. Ɗa na kowa ne."

Ashe matar ta ji duk abin da aka faɗa, har na baranda, don ƙofar ba ta rufuwa. Amma hannu ta miƙo.

Mai Turare ne ya fara motsi. Ya shigo kansa a ƙasa, yana ɓalle maɓallan farar rigar.

"Baiwar Allah, bari… ni zan riƙe shi."

"Kai ɗin?" Umma ta ce. "Ka haukace ne?"

Ya miƙo hannu. Sista dai ba ta ba shi yaron ba tukuna. Famfo ta nuna masa da haɓa.

"Je ka wanke ƙirjinka da sabulun can. Turare na damun numfashinsu."

Ya je ya wanke, da sabulun asibitin nan da yake cewa warinsa na sa shi ciwon kai. Ya zauna a benci. Ta kwantar da yaron tsakiyar ƙirjinsa, ƙafafu a tanƙwashe, kai a juye gefe, ta saka masa hula. Mai wankau ta zagayo da zaninta ta ɗaure su tare, ta ja kullin da ƙarfi irin na wadda ta saba goyo.

"Kar ka matse shi, kar ka sake shi," Sista ta ce ba tare da ta kalli fuskarsa ba, ta fita da gudu.

Haihuwar ta ja lokaci, bayanta kuma wata ta biyo. Sai da rana ta yi sanyi ta samu dawowa. Umma na zaune a baranda ta yi tagumi, ta bi ta da ido.

Yana nan inda ta bar shi. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Yaron ya yi kashinsa na farko, baƙi mai danƙo, ya ɓullo ta gefen ƙunzugu ya gangaro masa har ciki. Fuskar Mai Turare ta yamutse, yana numfashi ta baki, idanunsa jawur. Amma tafin hannunsa na bayan yaron, bai ɗaga ba.

"Sau nawa ka yi yunƙurin amai?"

"Ban ƙirga ba," ya ce. "Ita ta riƙe min roba."

Mai wankau ta yi murmushi tana kallon kwalba.

Sista ta zura ma'auni. Ta duba, ta sake dubawa. Ɗumi ya dawo. Ta taɓa tafin ƙafar, ya yi ɗumi shi ma, har yaron ya ɗan shure ta.

"Ina jin zuciyarsa," Mai Turare ya ce. "Tana bugawa a kan tawa. Na yi ta kallon waccan ta cikin kwalba… ita ma haka tata take yi, ko?"

"Haka take yi."

"Ki yafe min."

"Ba ni ka yi wa ba."

"Na roƙe ta tun ɗazu. Ta ce in bari sai 'yarta ta fito, ta ga ko zan iya kallon idonta."

Sista ta goge masa cikin da auduga, a hankali don kada ta tashi yaron. Ƙyamar ba ta gama fita daga ranta ba, ta san maganar baranda za ta daɗe tana dawo mata. Amma ta ga abin da ya yi da hancin nan nasa, kuma ta san ba ƙaramin abu ba ne.

Ya ɗaga murya kaɗan yadda za a ji a waje. "Umma, maganar barin aiki a bar ta. Ba za ta bari ba."

Daga baranda ba a amsa ba. Ba a kuma musa ba.

Washegari Auta ta farfaɗo, aka ɗora mata ɗanta, ta yi ta kuka tana sumbatar hannun Sista. Mai Turare ya wanke zanin da kansa a famfon asibiti, ya shanya, ya ninke, ya miƙa wa mai shi da hannu biyu. Sannan suka fito wurin mota, shi da Sista, rigarsa a yamutse, gemu ba gyara.

Ya buɗe mata ƙofa. Tawul ɗin na nan a ninke a kan kujerarta. Ya kai hannu da sauri zai jefa shi baya, ta riga shi ɗauka.

"Tsaya," ta ce. "Kar ka zauna tukuna."

Ta zagaya ta shimfiɗa shi a kujerar direba, ta ja wannan gefe, ta ja wancan.

"Wari kake yi, Mai Turare."

Ya sunkuyar da kai yana dariya. Ita kuwa ta shiga ta zauna a kujerarta babu shimfiɗa, sai a lokacin kukan da ta riƙe tun jiya ya ƙwace mata.