Sarƙar da Ta Ƙi Yankuwa

Lukuman na da inji a shagonsa na Gusau mai yanka ƙarfe da tartsatsin lantarki. Siririyar waya ce ke bi ta cikin ruwa, ba ta ko taɓa ƙarfen, amma duk ƙarfen da ya gagari zarto sai ta cinye shi.

Gab da magariba wani mutum ya shigo lulluɓe da bargo, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ɗora sarƙa a kan injin, ɗaya bakinta na ƙarƙashin bargon.

"Malam, yanke mini wannan," ya ce cikin raɗa. "Daga daji nake."

Lukuman bai yi tambaya ba. Kowa ya san masu fitowa daga daji da sarƙa. Ya nutsa ta a ruwa, ya kunna inji. Shuɗin tartsatsi ya tashi, waya ta ratsa zoben sarƙar ta fita. Da ya ɗago shi, babu ko ƙwarzane. Ya sake har sau uku. Ruwan ya yi sanyi har yatsunsa suka ƙage.

"Bar shi, Yaya, ba za ta yanku ba," mutumin ya ce, wannan karon da ƙarfi. "Ka ce wa Inna ta daina ajiye mini tuwo."

Muryar Anwar ce, ƙaninsa da aka ɗauke a hanyar Tsafe shekara biyu da suka wuce.

Lukuman ya yaye bargon. Babu kowa a ciki. Sarƙar na nan ɗaure, tsaye cikin iska, daidai inda idon sawu ya kamata ya kasance.