Kamiyon da Saudatu Ta Zaɓa

Muntaka ya fara ganin Saudatu ne a tashar motar Garuwa, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ngawundere. Tana zaune gefen huhunan goron mahaifinta tana yayyafa musu ruwa, fuska a murtuke.

"'Yammata, wa ya taɓa ki?"

"Waccan uwar motar," ta nuna kamiyo mai taya goma na wani direba, Uba. "Kwana uku ke nan, wai ba ta tashi sai ta cika. Kasuwar Figil kuwa ba ta jiran kowa."

Ya yi dariya, ta harare shi, shi ke nan bawan Allah ya kamu. Shekara bakwai yana tuƙa motar wani, ba gargadar da ta taɓa girgiza shi kamar wannan harara.

Kafin wata biyu ya san hanyar gidansu ko da ido rufe. Sai dai Malam Mahmudu, mahaifinta, mutum ne mai son abu ya cika ido, kuma Uba ya riga ya fara gaishe shi da safe da yamma.

"Mai son Saudatu ya zo min da mota wadda ake ji tun daga gadar Binuwai," in ji Malam Mahmudu.

Muntaka ya kwashi abin da ya tara ya nufi Ngawundere, garejin wani André. Ya tarar da motoci biyu, tsohuwa mai tan goma da ƙarama mai tan uku. Ya aiko da takarda:

"Sauda, hasken idona, na samu babba. Ta tsufa, amma Baba zai ji ƙararta. Me kika ce?"

Amsa ta zo bayan kwana huɗu:

"Direbana, ɗauki ƙaramar. Ita ce daidai da kai."

Ai kuwa ransa ya ɓaci, har tuwo ya gagara shiga. Ashe haka ta raina shi? André ne ya ɗauki takardar daga inda ya jefar, ya juya ta.

"Mon ami, abokina, ka karanta bayan kuwa?"

A baya ta ƙara da cewa: "Babbar takan yi mako tana jiran kaya, ta yi mako a hanya. Ƙaramar ta ci kasuwa ta dawo a yini. Ni miji nake so, ba labarin miji ba."

Washegari ya shigo Garuwa da ƙaramar, bakinsa har kunne. 'Yan tasha suka sa mata suna Akuya, Malam Mahmudu kuma ya daina amsa sallamarsa. Abin ya yi wa Muntaka ciwo ƙwarai, domin ya san Uba na dab da turo manya.

Amma Akuya ba ta san zama ba. Yau Pitowa, gobe Gidar, masu buhu biyu da masu kwando uku duk suka koma wurinta.

Wata safiya Malam Mahmudu ya dubi goronsa da ya fara yanƙwanewa a gindin motar Uba, ya dubi sama, ya tako wurin Muntaka a hankali kamar mai neman wani abu da ya ɓata.

"Yaro, wannan abar taka tana kaiwa Figil?"

"In Baba ya shiga, har da gudu."

Suka isa kasuwa tana tsakiyar ci. Kafin azahar ba sauran ƙwaya ɗaya, magariba kuma a ƙofar gidansa Malam Mahmudu ya yi alwala. Ya daɗe yana goge ƙafa kafin ya yi magana.

"Kawunanka suna garin nan, ko? Ce musu ina gida ranar Juma'a."

Aka ɗaura aure bayan sallar layya, aka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Ranar kai kayan ɗaki sai da Akuya ta yi sawu uku.

"Kin gani?" in ji Malam Mahmudu yana dariya. "Da babba ce, sawu ɗaya ya isa."

Amarya ta sunkuyar da kai cikin mayafi.

"Baba, ai sau uku ke nan na ga ya dawo."